Ka Karanta Shi a Bayyane Kafin Ka Sake Shi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu na zo da su a kan gyaran rubutu, in lokaci ya bar mu.

Na farko shi ne kunne. Mu labarinmu ta kunne ya shigo mana. Kafin a buɗe gasar nan ta rubuta littattafan labari ta 1933 a Zariya, wadda ta fito mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kakanninmu mata sun daɗe suna "ga ta nan, ga ta nanku" a tsakar gida. Kuma tsohuwa mai tatsuniya tana da alƙalai masu tsanani, wato yara. In ta ja zance babu dalili, sai ta waiga ta ga sun yi barci. Kai marubuci ba ka ganin lokacin da mai karatunka ya yi barci. Shi ya sa nake cewa duk abin da ka rubuta, ka tashi tsaye ka karanta shi a bayyane. Inda numfashinka ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, aya ta ɓata a wurin. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, kalma ce ta zauna a wurin da ba nata ba.

Inda wannan ya fi aiki shi ne zancen taurarin labari. Nan fa zan ɗan zauna, ku yi haƙuri, don abin yana damuna. An sha kawo mini rubutu in duba, sai in tarar yaro ya yi shekara bakwai a Kurmi, ya dawo gida, uwarsa ta tare shi tana cewa, "Ɗana abin ƙaunata, na yi kewarka matuƙa." Don Allah iyayenmu mata da ke ɗakin nan, wace ce ta taɓa faɗar haka? (dariya) Hajiya tana girgiza kai. Balle in ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta kamawa. Abin da za ta yi shi ne ta kawar da kai, ta ce wa ƙanwarsa, "Ke, ba kya gani ne? Kawo masa ruwa." Can anjima, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "An rame." Shi ke nan. Duk kukan shekara bakwai yana cikin "an rame". Ko "ka rame" ba ta ce ba, alkunya ta hana.

Bahaushe ba ya ɗauko babbar magana ya ajiye a farkon zance. Ku lura da mai zuwa neman rance. Zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, a yi zancen damina, a yi zancen tsadar masara. Sai ya miƙe, ya sa takalmi, ka rako shi bakin zaure, sannan ya ce, "Af, daman..." To wannan "daman" ɗin shi ya kawo shi. In ka rubuta shi yana sallama yana cewa a ranta masa dubu ashirin, ka rubuta wani mutum daban, ba maƙwabcinka ba. Haka gaisuwa. Matar da aka ɓata wa rai, miji ya ce ina kwana, ta ce "lafiya" ta tsuke baki, ba sai ka ƙara mana da "ta faɗa cikin fushi" ba. Mun ji fushin. Ka goge wannan layin.

Sannan mutane ba bakinsu ɗaya ba. Basakkwace zai ce "mi" da "wanga" inda Bakano zai ce "me" da "wannan". Mahauci da malamin zaure ba su rantsuwa iri ɗaya. Tsohuwa tana jefa karin magana ba ta ma san ta jefa ba, amma yarinya 'yar sakandare in ta jera uku a numfashi ɗaya, marubuci ne ke magana da bakinta. Ga gwaji: ka rufe sunayen da hannu, ka ba wani ya karanta zancen kawai. In bai gane wa ke magana ba, da sauran aiki. Ku je tasha, ku je wurin mai shayi, ku zauna gidan biki ku yi shiru ku saurara. Ni har yau ina yawo da ɗan littafi a aljihu saboda wannan.

Na biyu... ko na uku muke? To, ƙa'idojin rubutu dai. Tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, an zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don rubutunmu ya daidaita. "Ya yi" kalma biyu ce, "za su" biyu ce, "yana" ɗaya ce, "gidansa" ɗaya ce. Ƙugiya kuma ba ado ba ce. Ka rubuta wa mutum "ƙaryarka" ka manta ƙugiyar, ka ba shi dabbar da bai taɓa kiwo ba. (dariya) Wayoyin yanzu ana iya sa musu allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, ba mu da uzuri.

Sai yanka. Shafi uku na farko da ake kwatanta kujerun falo da motoci, ku cire su, ku fara daga inda matsala ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na ga hannu a can. Bismillah, ƙanwata.

Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi ita a WhatsApp take sakin labarinta kullum, masu karatu suna damunta da "ci gaba", yaushe za ta samu lokacin duk wannan? Tambaya ce mai kyau, kuma da yawanku halin da kuke ciki ke nan. Ƙanwata, kada ki fara saki sai kina da babi biyar a ajiye. Wanda kika rubuta yau, ba shi za ki saki yau ba, ki bar shi ya kwana uku. Ran da za ki sake shi, ki danna naɗar murya a wayar nan taki, ki karanta shi, ki saurara kina wanke-wanke. Duk inda kika ji hankalinki ya tafi kan kwanuka, ki tsayar, ki koma wurin. Masu damunki kuwa, ki faɗa musu ranakunki, Litinin da Alhamis misali, ki tsaya a kai. Babi nawa ke gare ki a ajiye yanzu? Babu ko ɗaya? To ki same ni bayan la'asar da na jiya da kika saki, mu karanta shi tare.