Gambarar da Gidajen Rediyo Suka Ƙi Sakawa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Idan kuka kunna waƙar hip-hop da ke tashe yau, da wuya ba ku ji zancen kuɗi da motoci da mata ba, har wasu sun ɗauka iyakar abin ke nan. Alhali akwai wani reshe na wannan gambarar zamani da ya daɗe yana magana a kan talauci, gidan yari, zaluncin 'yan sanda da wariyar launin fata. Yau za mu ga yadda aka yi ya koma ƙarƙashin ƙasa, da abin da zaman can ya yi wa rubutunsa.

A unguwar Bronx ta birnin New York aka haifi hip-hop. Ranar 11 ga Agustan 1973, wani matashi haifaffen Jamaika, DJ Kool Herc, ya haɗa casu a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick. Bronx ɗin wancan lokaci ta sha wuya: an ratsa ƙatuwar hanya ta tsakiyar unguwanni, ayyukan yi sun gudu, wasu masu gidajen haya har wuta suke cinna wa gidajensu don su karɓi kuɗin inshora. Duk da haka, waƙoƙin farko na rawa ne da kurari. Sai a 1982 Grandmaster Flash and the Furious Five suka fitar da The Message, wadda ta bayyana rayuwar unguwar ba tare da kwaskwarima ba, kuma ta karɓu.

Ku lura da wannan. A ƙarshen shekarun 1980, waƙar faɗakarwa tana tsakiyar kasuwa. Public Enemy da KRS-One da manyan kamfanoni suke aiki, faifansu na tafiya. To me ya canja?

A 1991 mujallar Billboard ta fara ƙirga ciniki da na'urar SoundScan, wadda ke lissafa kowane faifan da aka saya a kanti. Nan kamfanoni suka ga ƙarara cewa waƙoƙin 'yan daba na sayuwa sosai, har a unguwannin fararen fata, sai suka karkata kuɗinsu can. A shekarar dai, kotu ta yanke hukunci a shari'ar mawaƙi Biz Markie cewa tsakuro kiɗan wani ba da izini ba sata ne, abin da ya tsawwala kuɗin haɗa irin kiɗan Public Enemy mai gutsattsari barkatai.

Babban bugun ya zo a 1996, da sabuwar dokar sadarwa ta Amurka. Kafin ta, kamfani ɗaya ba ya mallakar tashoshin rediyo fiye da 40 a faɗin ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel kaɗai ya tara sama da 1,000. Da, mai gabatar da shiri yakan ji waƙar wani yaron unguwa ta burge shi ya saka. Bayan dokar, jerin waƙoƙi daga hedikwata yake zuwa, kuma mai tallan lemo ba ya son a sa tallarsa kusa da waƙar da ke zagin gwamnati.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa sai suka nemi wasu wuraren. A New York an yi shirin Stretch Armstrong da Bobbito a tashar WKCR ta Jami'ar Columbia, daga 1990 zuwa 1998, cikin talatainin dare. Nas da Jay-Z duk sun bi ta can kafin duniya ta san su. A Los Angeles kuma, wani shagon abinci mai suna Good Life Cafe ya riƙa ba matasa makirufo duk daren Alhamis, bisa sharaɗin ba ashar. Wanda ya zo da shirme, 'yan kallo ne za su yi ta ihu har ya miƙa makirufon.

A irin waɗannan wurare babu bidiyo mai tsada, babu sarƙar zinare da za ta rufa wa mutum asiri. Baitinka ne jarinka. Shi ya sa gwanintar amsa-amo ta kai inda ta kai. Mawaƙin farko-farko yakan jira ƙarshen layi ya dace gaɓa ɗaya da ta layin gaba. Rakim, tun 1987, ya nuna ana iya cusa amsa-amo a cikin layi, a kuma dace gaɓoɓi da yawa lokaci guda. Ku ɗauki talaka, halaka, mallaka. Gaɓa uku-uku ne, wasulansu duk sun yi daidai, kuma kafin a haɗa su cikin jimla ma sun riga sun fara ba da labari. Gwani yakan ja irin wannan zare tsawon layi 16, yana jinkirta kalma ta sauka bayan bugun ganga, ko ya riga bugun, don kunne ya tsaya daidai inda yake son a tsaya.

A nan nake rabuwa da wasu masoya wannan fanni. Saƙo mai kyau ba ya wanke waƙa mara daɗi. Akwai waɗanda suke jero sunayen matsalolin duniya a kan kiɗa su ce sun yi waƙa, alhali lacca suka yi. Waɗanda waƙarsu ta daɗe ana ji, mutum ɗaya suke ɗauka: uwar da ke hawa mota tun asuba don ziyarar ɗanta a kurkuku, ko yaron da ya fara sayar da ƙwaya saboda kuɗin haya. Sukan kuma sa kansu cikin masu laifi, ba su tsaya daga sama suna wa'azi ba.

Kada kuma a ɗauka ƙarƙashin ƙasan tsarkakakke ne. Kamfanin Rawkus, wanda ya fitar da faifan Mos Def da Talib Kweli a 1998, da kuɗin James Murdoch ya tashi, ɗan Rupert Murdoch wanda ya kafa gidan talabijin na Fox. Ana caccakar 'yan jari-hujja, su kuma suna biyan kuɗin situdiyo.

Yau intanet ta karya ƙarfin rediyo, har Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer a 2018. Sai dai mai tsaron ƙofa ya sake kama ne kawai. Jerin waƙoƙin manhaja ya maye gurbin na hedikwata, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba. Shi ya sa da yawansu suka koma sayar da faifai kai-tsaye a shafin intanet na Bandcamp, suna yawon wasa a ƙananan zauruka, inda bayan an tashi mawaƙin da kansa yake tsayawa a bakin ƙofa yana sayar da riguna.