Harshe ɗaya, suna huɗu: rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau da kwalin sigari zan fara, ba don ina sha ba fa. In ka sayi taba a Bosniya za ka ga gargaɗin nan na cewa shan taba na kisa an rubuta shi har sau uku, biyun farko iri ɗaya sak babu ko harafi ɗaya da ya bambanta, na ukun ma kalmomin nan dai ne sai dai an rubuta su da baƙaƙen Sirilik irin na Sabiyawa. Wai ɗaya harshen Bosniya ne, ɗaya na Kuroshiya, ɗaya na Sabiya. Abin dariya ko? To a can ba wanda ke wasa da maganar nan.

Mutanen nan fa suna jin juna tsaf babu tafinta. Zamanin Yugoslabiya, tsohuwar ƙasar da ta haɗa su duka, sunan harshen Sabo-Kurowat, har yarjejeniya aka sa wa hannu a Novi Sad a 1954 cewa harshe ɗaya ne, amma ko shekara 15 ba a yi ba malaman Kuroshiya suka fito a 1967 suka ce su kam a ba nasu sunansa daban. Da ƙasar ta wargaje daga 1991 sai kowa ya ja nasa, Montenegro ma ta bi sahu a 2007 har daga baya ta ƙara wa kanta haruffa biyu.

Bambancin akwai shi amma ɗan kaɗan ne. Gahawa dai, Basabiye ya ce kafa, Bakuroshiye ya ce kava, Musulmin Bosniya ya ce kahva, duk kuma daga Larabci kalmar ta samo asali kamar tamu. Abin da ya raba su da gaske addini ne da tarihi, Sabiyawa ƴan cocin Otodoks, Kuroshiyawa Katolika, Bosniyak kuma Musulmi ne tun mulkin Turkawan Usmaniyya.

Inda abin ya fi zafi shi ne wajen Musulmin. Su fa sai a ƙidayar 1971 aka yarda su rubuta kansu a matsayin al'umma, a lokacin ma da sunan "Musulmi" kawai, sai a 1993 ana tsakiyar yaƙin Bosniya suka ɗauki sunan Bosniyak. Harshensu suna kiransa harshen Bosniya, su kuwa hukumomin yankin Sabiyawa na cikin Bosniya, wato Republika Srpska, suka ce a'a, sai dai a ce "harshen al'ummar Bosniyak", don in aka ce na Bosniya kamar an ce duk ɗan ƙasar shi yake yi ke nan. A ƙauyen Konjević Polje, kusa da Srebrenica inda aka kashe maza da samari Musulmi sama da 8,000 a Yulin 1995, iyaye Bosniyak sun janye yaransu daga makaranta a 2013 kan manhaja, har suka je suka kafa tantuna a Sarayebo. Ni dai ban ga laifinsu ba, wanda aka nemi shafe shi daga doron ƙasa in ka zo kana masa gardama kan sunan harshensa ai ba maganar nahawu yake ji ba. Inda nake ganin an yi asara shi ne makarantun da ake raba yaran Kuroshiyawa da na Bosniyak a gini ɗaya, kowa da ajinsa da littafinsa, da hujjar wai harshensu daban.

A 2017 wasu marubuta da masana harshe daga ƙasashen huɗu suka fitar da sanarwa a Sarayebo cewa harshen ɗaya ne, kowa ya kira shi da sunan da ya ga dama, ƴan siyasa musamman na Kuroshiya suka yi musu ca. Su kuwa talakawa, in suka haɗu wajen ci-rani a Jamus ko Ostiriya ba wanda ke son tada zaune tsaye, sai kawai su ce suna magana da "naški", wato namu.