Daga Ƙofar Gida a Toronto Zuwa Filin Dillalai: Lacca Kan Satar Mota a Biranen Duniya

An rubuto wannan ne daga faifan muryar wata lacca da aka gabatar a zaman masu sayar da motoci da bakanikai. An bar maganar yadda ta fito.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, iyayena da ke sahun gaba, 'yan uwa dillalai da bakanikai, da ku samarin da kuka tsaya bakin ƙofa don sulalewa ta yi muku sauƙi, duk ina gaishe ku. Kafin mu fara, wanda bai tabbata ya kulle motarsa ba ya tashi ya dubo, ba zan ji haushi ba. Kada a ce ana cikin laccar satar mota aka ɗauke ta wani a waje. (Dariya)

Abu huɗu zan taɓa: lissafi, makulli, kasuwa, sai ƙwace.

Na farko, lissafi. Za ka ga an turo maka jadawali a waya, wai ga biranen da aka fi satar mota a duniya. Kada ka yi saurin haɗiyewa. Masu wannan ƙidaya ba tulin motocin da suka ɓata suke kallo ba, cewa suke yi a cikin kowane mutum 100,000 mota nawa aka sace. Shi ya sa a Amurka garuruwan da ba ku taɓa jin sunansu ba, irin su Bakersfield da Pueblo, suke hawa saman jadawali, New York mai mutum sama da miliyan 8 tana can ƙasa, don fiye da rabin gidajen cikinta ba su ma da motar da za a sata.

Sannan wa ke kai rahoto? Bature in an sace motarsa dole ya je wurin 'yan sanda, don kamfanin inshora ba zai biya shi ko sisi ba sai da takardarsu. Mu fa? Yawancinmu inshorar naira 15,000 muke yanka, ta nuna wa jami'i a hanya. In mota ta tafi, ba abin da za ta ba ka. Ni kaina an taɓa ɗauke min mota a wurin ɗaurin aure. Na ajiye ta gindin wani darbejiya, aka shafa fatiha, na tsaya gaisawa da dangin amarya, na fito ina kaɗa makulli a yatsa, sai na tarar da mai rake ya kafa baronsa a daidai inda na bar ta. Wallahi sai da na zagaya layin sau uku ina zargin kaina da mantuwa. Me na fara yi? Cigiya a rediyo, sai addu'a, sai kiran 'yan uwa a garuruwan kan iyaka. Ofishin 'yan sanda sai washegari na je. Wani ma ba zai je ba sam. To ka ga garin da ba a rubutawa, a jadawali sai ya fito tsaf kamar garin waliyyai.

Mu koma New York ɗin. A 1990 mota kusan 147,000 aka sace a wannan birni a shekara ɗaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, adadin ya faɗo ƙasa da 10,000. Ɓarayin ne suka tuba? A'a. Akwai aikin 'yan sanda a ciki, amma babban abin shi ne makulli ya canza. Kun ga na shiga na biyu ke nan ban sanar ba. Imobilaiza, ku bakanikai kun fi ni saninta: ɗan ƙaramin abu ne a kan makulli da ke gaisawa da ƙwaƙwalwar mota, in ba su gane juna ba inji ba zai tashi ba, ko ka haɗa waya ɗari. Turai ta wajabta ta a 1998, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007. Amurka ba ta wajabta ba. Sai Kia da Hyundai suka yi ta fitar da ƙananan motocinsu na tsakanin 2011 da 2021 da yawa babu ita. A 2021 yara a birnin Milwaukee suka gano cewa in ka ɓalle murfin sitiyari, da kan wayar cajin nan ta USB za ka murɗa ka tada mota. Suka ɗora a TikTok. A shekarar kawai an sace mota sama da 10,000 a garin, wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan kamfanoni biyu ne. Daga nan abin ya bazu garuruwa, har Amurka ta haura mota miliyan ɗaya a 2022, ta sake haurawa a 2023. Kamfanonin sai da suka amince da sulhun da ya kai wajen dala miliyan 200. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da aka gyara manhajar motocin, aka raba wa mutane ƙarfen kulle sitiyari, a 2024 adadin ya sauko wajen 850,000.

Amma ga abin da nake so ku riƙe, kuma a nan zan daɗe, shugaban zama ka yi haƙuri da agogonka. Kada ka tambayi mota nawa aka sace a gari. Tambayi nawa aka gano. A Amurka sama da kashi 80 cikin 100 ana samun su, wata a bakin titi mai ya ƙare, wata ta daki turken lantarki. Wannan satar yara ce, ta yawo da burga. A lardunan Ontario da Quebec na Kanada kuwa, a 2022 da 2023 ko rabi ba a ganowa. Mota ta ɓace ɓat. In ka ga haka, ba yara ba ne, fatauci ne. Akwai mai oda, akwai mai ɗauka, akwai mai loda, akwai mai jira a wancan bakin teku.

A 2022 an sace mota sama da 105,000 a Kanada, kusan ɗaya duk minti biyar. A birnin Toronto kaɗai sama da 12,000 a 2023. Kamfanonin inshorarsu sun biya diyyar sata ta dalar Kanada biliyan 1.5 a shekarar. Kai, motar ofis ta ministan shari'a na ƙasar, sau uku ana sace ta cikin shekara uku, ministoci biyu a jere. Ministan shari'a fa! (Dariya) Har wani ɗan sanda a Toronto, a farkon 2024, ya shawarci mutane su riƙa barin makulli kusa da ƙofar shiga gida, don in ɓarayi sun fasa su ɗauka su tafi ba tare da sun taɓa lafiyar kowa ba. Mutane suka yi masa caa, amma ka ga inda tura ta kai.

Yaya suke yi, alhali motocin nan duk suna da imobilaiza? Motar zamani da ake danna maɓalli ta tashi, makullinta kullum yana magana ta iska. Mutum biyu za su zo da tsakar dare. Ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gidanka da wata na'ura mai janyo siginar makullin da ka rataye a falo, ɗaya ya tsaya jikin mota. Mota ta ɗauka maigida ne ya iso, ta buɗe, ta tashi. Ba fasa gilashi, ba ƙara. Wasu kuma ta ramin nan na ƙasan sitiyari da kuke soka kwamfuta in za ku duba cuta, ta nan suke yanka wa kansu sabon makulli. A Landan ma an gano masu ɓalle fitilar gaba ta Toyota RAV4, su laluɓo wayoyin da ke zuwa ƙwaƙwalwar motar, su yi mata ƙarya ta buɗe. Malam na ga kana rubutawa, Allah ya sa don tsaro ne. (Dariya)

In sun ɗauka ba sa gudu da ita nan take. Sai su kai ta wani filin ajiye motoci su bari kwana biyu uku ta huce, suna leƙe daga nesa. In akwai tiraka a jiki, wato na'urar bin sawun mota, mai ita zai zo da 'yan sanda, sun yi asarar dare ɗaya ke nan. In shiru, sai kwantena. A rubuta a takarda wai kayan gida ne na hannu, a ɗora a tirela ko jirgin ƙasa, tafiyar kilomita ɗari biyar da 'yan kai zuwa tashar jiragen ruwa ta Montreal. Kwastan a ko'ina idonsu yana kan abin da ke shigowa, don nan kuɗin shiga yake. Mai fita ba kasafai ake buɗe shi ba. Da suka tashi buɗewa, tsakanin Disambar 2023 da Maris na 2024, kwantena 390 suka duba a tashar, suka fito da mota 598. Ku lissafa da kanku. Motocin ma sun fi kwantenonin yawa.

Wace irin mota? Honda CR-V. Toyota Highlander. Lexus RX. Alhaji, na ga ka sunkuyar da kai. (Dariya) Ba ni na zaɓa ba. Ku faɗa min, akwai filin dillalai a Abuja ko Kano ko Kaduna da babu waɗannan ukun? Ɓarawon Toronto bai san Kano ba, amma ya san abin da Kano ke so: mota mai tsayi da za ta jure ramuka, wadda kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Mu ke rubuta odar, ko mun sani ko ba mu sani ba. Ba mu kaɗai ba, wasu Dubai ake kai su, amma muna ciki dumu-dumu. A 2023 'yan jaridar gidan talabijin na CBC sun bi sawu har Akara a Ghana, suka tarar da motoci a filin sayarwa, wata da lambar Ontario, wata takardun mai ita na nan a aljihun gaba ba a ma cire ba. A Satumbar 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada mota 53 da aka gano a nan Najeriya. A Maris na 2025 Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ta yi samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, cikin mako biyu ta gano motocin sata wajen 150, mafi yawansu daga Kanada.

Ba cewa nake yi duk tokumbo ta sata ce ba, Allah ya kiyaye. Mafi yawanta halas ce, gwanjon inshora ce, wadda ta yi hatsari aka gyara. Amma tun da nake ban taɓa ganin an sayar da motar shekarar bara, fes, ba ƙwarzane, da makulli ɗaya tal, a rabin kuɗinta, don mai ita yana ƙaunarka ba. Makulli ɗaya. Ku riƙe wannan. Ba kasafai Bature ke sayar da sabuwar mota da makulli ɗaya ba.

Ina muke? Na uku ne ko na huɗu? To, ƙwace, a gurguje. In makulli ya gagari ɓarawo sai ya nemi mai makullin. Afirka ta Kudu a 2023 an ƙwace mota sama da 20,000 da makami, wajen 60 a rana, kusan rabi a lardin Gauteng inda Johannesburg da Pretoria suke. A 1998 har wani ya ƙero na'urar da ke feso wuta daga ƙasan ƙofar mota don ƙona mai ƙwace. Ba na ba ku shawara ba. In an nuna maka bindiga, miƙa makulli, ka fito da yaranka. Ƙarfe ne.

Akwai kuma satar sassa, madubi, batir, ƙwaƙwalwar mota a harabar masallacin Juma'a, da babura da Adaidaita Sahu waɗanda a garuruwanmu su ne ma... na'am? A ba shi makirfo.

(Wani daga cikin jama'a: Ranka ya daɗe, ni na saya da kuɗina, da takardar kwastan da komai. In daga baya aka ce ta sata ce, ina laifina?)

Yawwa. Tambayar da ya kamata in fara da ita ke nan. Ɗan uwa, takardar kwastan shaidar ka biya haraji ce, ba shaidar mai kaya ya yarda ya sayar ba. In ba ka sani ba, da wuya a ɗaure ka, don doka mai karɓar kayan sata da saninsa take nema. Amma motar za a ɗauke, kuɗinka kuma sai ka bi wanda ya sayar maka, shi ma ya bi na Kwatano, na Kwatano ya bi wanda lambar wayarsa ta daina shiga.

Don haka kafin ka biya, duba lambar shasi. Harafi da lamba 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta. In ka ga ɗaya daga cikinsu, an taɓa ta. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofa. Shafa da yatsa, in ka ji kan ƙusoshin ba irin na kamfani ba ne, ko takardar ƙofa ta yi kumburi kamar an ɗaye an mayar, dakata. Sannan ka sa bakanikenka ya soka kwamfuta ya karanto lambar da ke cikin ƙwaƙwalwar motar, don masu canza ta waje sau da yawa suna barin ta ciki. In uku ɗin sun zo ɗaya, ka saka ta a Carfax, shafin duba tarihin mota, ko shafin VINCheck na Amurka wanda kyauta ne. Rumbun Interpol kuwa 'yan sanda ne kaɗai ke shiga, suna da ofishi a Abuja, in kuɗin motar da yawa je ka nemi a duba maka. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa, cewa in ta fito ta sata zai mayar da kuɗi. In ya ce ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba...

An kira? To, an ce an kira salla. Alhaji mai Highlander, tsaya min a waje bayan an idar, ina so in leƙa ƙasan gilashin nan naka. (Dariya) Wassalamu alaikum.