Umaru, Zainabu da Talatu: Yadda Kunne Ke Rarrabe Suna

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo in lokaci ya bari.

Na farko, Turawa sun auna wannan abu, wato yadda sauti ke raba sunan mace da na namiji, a nasu sunayen. A 1990 Anne Cutler da abokan aikinta biyu suka bi sunayen Ingilishi, suka tarar na mata sun fi yawan gaɓoɓi, na maza kuwa sukan zo a gajarce, irin su John. Akwai kuma masu cewa sunan mace ya fi ƙarewa da wasali. To mu wannan ma'aunin bai yi mana ba, don bakin Bahaushe ba ya son rufe suna da baƙi. Umar ya zama Umaru, Zainab ta zama Zainabu. Kowa da wasalinsa.

Sai ɗalibi ya ce, ai da sauƙi Malam, namiji "u", mace "a". Aminu da Amina, Habibu da Habiba, Jamilu da Jamila. Na'am, haka ne. To Musa fa? Isa fa, Haruna, Yahaya, Garba? Je ka gaya wa Garba mahauci sunansa na mata ne, ga wuƙa a hannunsa. [dariya] Kuma Hauwa'u da Bilkisu, da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, duk da "u" suka ƙare.

Ni abin da ke burge ni shi ne "tu". A'ishatu, Aminatu, Halimatu, Salamatu, Hadizatu. Ku maimaita a ranku. Daga ina ta fito? Daga Larabci. Akwai ta'in nan ta mace a ƙarshen suna, wadda Balarabe ke haɗiyewa in ya tsaya a kanta, sai ka ji A'isha. Mu kuwa daga bakin malaman zaure muka karɓi sunayen nan, su kuma karatu suke yi da wasalinsa cikakke, ba sa haɗiye komai. Ranar suna liman ya raɗa A'ishatu, maroƙi ya ɗaga murya ya ce A'ishatu, shi ke nan ta zauna. Wannan "u" ɗin rufu'a ce kawai, ita ce dai ta Muhammadu da Aliyu, ba ruwanta da jinsi. "T" ɗin ce ke aikin. Ku rubuta, "t" ɗin ce.

Kuma ku duba yadda kunnenmu ya kama ta. In za a taƙaita A'ishatu sai a yanke kai a bar wutsiya: Shatu. Yarinyar da aka haifa ran Talata, Talatu. A ganina kunne ne ya ja ta layin su Salamatu, alhali ɗan'uwanta namiji Ɗantala aka ce masa. Wani zai ce Hamzatu fa? Gaskiya ne, namiji ne, ta'in tana nan a rubutunsa na Larabci. Shi ya sa za ka ji yawanci Hamza ake kiransa.

Na biyu, ko na uku muke? Shugaban zama yana nuna mini agogo. Sunayen rana dai, namiji a kan sa masa "Ɗan": Ɗanladi da Ladi, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai. Tagwaye, Hassan da Hassana. Gambo da Auta kuwa sai ka leƙa zanin goyo. Na'am, Hajiya?

[Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni Abu ake ce mini, mijina ma Abu.]

Allahu Akbar! Ke Zainabu, shi Abubakar ko? To a takarda ba mai raba ku, haruffa uku ne iri ɗaya. A baki kuwa karin sauti ya raba, inda murya ke hawa a naki daban da nasa. Wasu ma sukan ƙara wa namijin "h" su ce Habu, a huta. Faɗi naki da ƙarfi mu ji, Hajiya. Yauwa. Yanzu faɗi nasa.

[Hajiya: Ai ba na faɗin sunansa, Malam.]

[dariya] Af, na manta da alkunya! Wani ya taimaka mata, kai mai farar hula, faɗa mana.