Kwana ɗaya a Bukom: na je neman ganga, kuge ya ba ni kunya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau mun baro unguwar Nima tun da hantsi, mun hau trotro, wato motar haya, zuwa Jamestown, tsohuwar unguwar Gaawa, wato 'yan ƙabilar Ga, da ke bakin teku a nan Akara. Ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa can, mai ja da fari, ga kwale-kwalen masunta a ƙasa. Ku yi haƙuri da iska, tana dukan makirfo.

Wannan ne zuwana na biyu. Na farko na zo a watan Mayu, na zaga har ƙafa ta gaji, ban ji ko ɗuriyar ganga ba. Sai mai masaukina ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka zo lokacin hani." Ashe kafin bikin Homowo sarakuna da limaman gargajiyar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda. Homowo ɗin ma'anarsa yi wa yunwa ihu. To yanzu an ɗage hanin, ga mu a Bukom, unguwar 'yan dambe da ta fitar da Azumah Nelson.

Ku matso ku ga gangunan nan. Sunansu kpanlogo, kuma sunan kiɗan da rawar ke nan. Itace ne aka fafe kamar turmi, aka shimfiɗa fata a bakinsa, aka ɗaure da igiya a jikin turaku. In fata ta saki, sai a buga turakun ta ɗame. Da tafin hannu ake kaɗawa.

Ni da na zo, na ɗauka kiɗan kaka da kakanni ne. Ina! Babana ma ya girme shi. A farkon shekarun 1960 ya ɓullo, bayan Ghana ta sami 'yanci a 1957, kuma samarin unguwannin nan ne suka ƙirƙiro shi. Sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne Otoo Lincoln. Sun ɗebo daga tsofaffin kiɗan nishaɗi irin su gome da oge da kolomashie, suka ƙara gishirinsu. Dattawan lokacin kuwa suka ce fitsara ce, saboda yadda ake karkaɗa ƙugu da yadda saurayi da budurwa ke fuskantar juna a fili. Yau ga shi ana koya wa 'yan makaranta da sunan al'ada, kuma wanda ke jagorantar ƙungiyar nan kansa fari fat da furfura.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne wancan akwatin. Wallahi da na shigo na zaci kujera ce. Gome ke nan. Ganga ce mai kusurwa huɗu, aikin kafinta, makaɗi yana zama a kanta, yana duka da hannu, yana danna fatar da diddige don ya sauya murya. Ku dubi ƙafarsa, ku saurara. Ya danna, sauti ya hau. Ya saki, ya sauko. Mu a gida mai kalangu da hammata yake matse tsarkiya ya sa ganga magana, su kuma nan diddige suka ba aikin. Gaawan da suka je ci-rani bakin tekun Afirka ta Tsakiya, irin su tsibirin Fernando Po, su suka dawo da ita gida.

Na roƙi dattijon ya bar ni in taɓa ganga. Na ce, "Ataa, ko sau ɗaya." Ataa ɗin kamar ka ce Baba ne a bakinsu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe da sanda, irin kugenmu. Raina ya ɗan sosu, na ce yau an mai da ni yaron makaɗi. Bugu biyar ne kawai, uku sannan biyu, kana maimaitawa. Me zai gagara?

Jama'a, ban yi minti ɗaya ba na watse. Da babbar ganga ta shigo tana yanka ta gefe, sai hannuna ya bi ta, na saki nawa. Mai caki ya tsaya, masu rawa suka tsaya, wata baiwar Allah da ke sayar da dokunu (tuwon masararsu) da soyayyen kifi ta riƙe ciki tana dariya. Ashe ƙarfen nan shi ne limamin kowa. In ya karkace, sahu duka ya karkace. Wani yaro da bai fi shekara tara ba ya karɓa, yana bugawa yana kallon wani wuri daban, ko a jikinsa.

Ataa ya ce in dawo ranar Asabar, amma sai na yi mako ina tafa bugu biyar ɗin nan a cinyata. Na fara tun yanzu, shi ya sa kamarar ke rawa. Bari in je wajen mai dokunun nan, tunda ta ci dariyata, sai ta yi mini ragi.