Afirka ta cika alkawarinta kan makaman nukiliya, saura manyan ƙasashe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke nan gaba, ɗalibai, da sauran jama'ar da suka bar harkokinsu suka halarta, ina yi muku barka da yamma.

An ba ni batun hana yaɗuwar makaman nukiliya da kwance ɗamararsu, kuma na san ba za a rasa mai cewa a ransa ba, mu da muke fama da 'yan bindiga da tsadar abinci, ina ruwanmu da bama-baman da ke jibge a Amurka da Rasha? To, ruwanmu ya daɗe da shiga. Kaso mai yawa na yuraniyum ɗin da Amurka ta haɗa bama-bamanta na farko da shi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga mahaƙar Shinkolobwe ta lardin Katanga aka tono shi, a ƙasar Kwango, tana ƙarƙashin mulkin Beljiyam. Sannan ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tashi bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, bam mai ƙarfin kusan tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Ku lura da watan. Fabrairu lokacin hunturu ne, lokacin da iska ke kwaso ƙurar Sahara ta sauke mana ita a kan rufi da cikin randa, saboda haka fargabar da ta kama mutanen Afirka ta Yamma a wancan lokaci tana da dalili. Wata taswirar sojan Faransa da aka fitar daga sirri a 2013 ta nuna cewa burbushin wannan gwaji ya isa Chadi da Mali, har ya tsallaka zuwa kudancin Turai.

Faransa ba ta tsaya a guda ɗaya ba. Gwaji 17 ta yi a Aljeriya tsakanin 1960 da 1966, huɗu a sararin sama, sauran a cikin duwatsun In Ekker. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana domin nuna fushinsa. Bayan gwaji na uku, a watan Janairun 1961, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Balewa, wadda watanninta uku kacal da karɓar 'yanci, ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na ƙasar sauka a Nijeriya. Daga wannan ɗaci ne shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka ayyana a Alƙahira, a 1964, cewa nahiyar ba ta bukatar makamin nukiliya a kan ƙasarta.

Yanzu bari mu dubi babbar yarjejeniyar da komai ya rataya a kanta, wato ta hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda ake kira NPT, da aka fara rattaba wa hannu a 1968, ta soma aiki a 1970, kuma a yau ƙasashe 191 ne a cikinta. Ta raba duniya gida biyu. Duk ƙasar da ta gwada bam kafin 1 ga Janairu, 1967, an amince mata ta ci gaba da riƙe shi, kuma su biyar ne, Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin, waɗanda su ne kuma masu kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu. A nan zan ɗan yi ratse in tuna muku cewa da gwaje-gwajen hamadar Aljeriya Faransa ta sami gurbinta a cikin biyar ɗin nan, amma ita kanta ba ta shiga yarjejeniyar ba sai 1992. Sauran ƙasashe suka yi alkawarin ba za su ƙera ba, ba za su saya ba, kuma za su buɗe ƙofofinsu ga masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. A madadin haka aka yi musu alkawari biyu: sashe na 4 ya ba su 'yancin amfani da nukiliya don wutar lantarki da magani da noma, sashe na 6 kuma ya ɗora wa masu makaman nauyin tattaunawa da zuciya ɗaya har a kai ga kawar da su baki ɗaya. Ciniki ne, kowane ɓangare da abin da zai bayar.

Abin da na zo in nuna muku shi ne cewa Afirka ta biya nata kason har da gyara. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida a asirce zamanin mulkin wariyar launin fata, tana cikin haɗa na bakwai, sai ta wargaza su duka, ta shiga NPT a 1991, Shugaba de Klerk kuma ya bayyana wa duniya hakan a watan Maris na 1993. Har yau ita kaɗai ce ƙasar da ta ƙera bam da hannunta sannan ta lalata shi. Akwai masu cewa tsoron kada makamin ya faɗa hannun baƙar fata ne ya sa fararen suka yi hanzari, kuma ni ban ga abin musu ba a cikin wannan zargi, sai dai ko mene ne dalilin, gwamnatin Mandela da ta biyo baya ta riƙe matsayin da gaske. A ranar 11 ga Afrilu, 1996, aka rattaba hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta ƙerawa da gwadawa da ajiye makamin nukiliya a duk faɗin nahiyar, ta kuma soma aiki a 2009.

Misali na kusa yana Zariya. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ɗan ƙaramin injin nukiliya ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, da ya fara aiki a 2004, inda ake gwada samfurin ƙasar noma da ma'adinai da abinci don a san abin da ke cikinsu. Matsalarsa ita ce man da yake ci. Yuraniyum yadda ake tono shi a Arlit ta Nijar, sinadarin da ke ƙonewa a cikinsa bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Tashar lantarki tana bukatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Bam kuwa sai kusan kashi 90. Man injin Zariya, wanda bai wuce kimanin kilo ɗaya ba, na kashi 90 ɗin ne. A ƙarshen 2018 aka cire shi cikin tsauraran matakan tsaro aka mayar da shi Sin, aka sauya shi da mai na kashi 13, kamar yadda Ghana ta yi da nata injin a 2017. Kilo ɗaya ba ya yin bam, amma ko shi ba mu riƙe ba.

To mu juya ɗaya ɓangaren. Gaskiya ne an rage, domin daga kimanin bama-bamai dubu 70 a tsakiyar shekarun 1980 an dawo kusan dubu 12, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na hannun Amurka da Rasha. Amma ragin ya tsaya, kowacce cikin biyar ɗin tana sabunta nata, yarjejeniyar makamai masu matsakaicin zango ta rushe a 2019, Rasha ta jingine ta New START, mai taƙaita manyan makamanta da na Amurka, a 2023, kuma tarukan bitar NPT na 2015 da 2022 duk sun watse ba tare da matsaya ba. Indiya da Pakistan da Isra'ila kuwa ba su taɓa shiga NPT ba.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da ake koya wa ƙananan ƙasashe a aikace. A Janairun 2003 Shugaba Bush ya gaya wa majalisar Amurka cewa Saddam Hussein ya nemi yuraniyum daga Afirka, kuma Nijar ce ake nufi. A watan Maris shugaban IAEA, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin na jabu ne, amma makonni biyu bayan haka aka auka wa Iraƙi. A Disambar wannan shekara Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya, a 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi, kuma mu mutanen Sahel mun fi kowa sanin inda bindigogin rumbunansa suka kwarara. Yukiren ta mayar wa Rasha makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyat bisa takardar Budapest ta 1994, wadda ta yi alkawarin mutunta iyakokinta, sai ga Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014, ga mamaya a 2022. Koriya ta Arewa ta fice daga NPT a 2003, ta gwada bam a 2006, kuma ba wanda ya tsallaka iyakarta. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah, kuma masu mulki a Tehran da sauran wurare ba makafi ba ne.

Shin ke nan mun yi wauta? Marigayi Farfesa Ali Mazrui ya taɓa kawo shawara, a laccocinsa na BBC a 1979, cewa sai ƙasashe irin Nijeriya sun mallaki bam sannan manyan za su firgita su yarda kowa ya ajiye. Ina girmama shi, amma ban bi shi a nan ba. Bama-bamai shida ba su ceci mulkin wariya daga matasan Soweto ba, kuma makaman Pakistan ba su hana 'yan tada ƙayar baya kai mata hari a Peshawar ba. Barazanar da ke kashe mutanenmu a kan babur take zuwa, bam ba ya maganinta, kuɗinsa kuwa daga bakin asibiti da makaranta za a cire shi.

Abin da ya rage mana shi ne mu bi bashinmu, kuma akwai takamaiman wurin da za a fara. Yarjejeniyar Pelindaba tana da ƙarin sassa da aka nemi ƙasashe biyar ɗin su amince da su, inda za su ɗaure kansu a shari'ance cewa ba za su yi amfani da makamin nukiliya a kan ƙasar Afirka ba, ba za su yi mata barazana da shi ba, kuma ba za su sake gwaji a nahiyar ba. Sin da Faransa da Birtaniya da Rasha sun tabbatar da su, ko da yake wasunsu sun rataya sharuɗɗa, musamman kan tsibirin Diego Garcia inda Amurka ke da sansanin soja. Amurka ta sa hannu tun 1996, Shugaba Obama ya aika wa majalisar dattawa a 2011, amma majalisar ba ta kaɗa ƙuri'a a kai ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka jagoranci yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya, wadda ƙasashe 122 suka zartar a 2017, ta kuma tabbatar da ita a 2020, saboda haka jakadunta suna da bakin da za su ɗora wannan batu a kan tebur duk lokacin da aka zo neman ƙuri'un Afirka 54 a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shugaban zama ya ɗaga mini hannu, don haka zan dakata a nan mu shiga tambayoyi. Na gode.