Yadda Ake Haɗa Matatar Ruwan Wankan Agwagi a Gida

Assalamu alaikum, masu kiwo. Duk mai agwagi a Katsina ya san halinsu: ka cika masu ramin wanka da safe, kafin la'asar ruwan ya koma dagwalo. A ciki suke wanke baki, a ciki suke kashi. Ga bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwan 'yan garuwa ya yi tsadar da ba a zubar da shi kullum.

Mafita ita ce matatar da za ta riƙa tace ruwan ya koma rami. Ga kayan aikin: duron roba biyu masu cin lita 200, bututun roba, ƙaramin injin jan ruwa mai aiki da sola, duwatsu, tsakuwa, gawayi da tsofaffin buhunan albasa.

A fara da injin. A sa shi cikin kwando, a lulluɓe da raga, sannan a nutsa shi a ramin, don kada gashin agwagwa ya shaƙe shi.

Duron farko shi ne gaba ɗaya aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ba a zuba masa komai sai ruwa. A ɗora shi kan bulo, a shigo da ruwan da injin ke turowa ta tsakiyarsa, bakin bututun na kallon gefe. Ku duba yadda ruwan ke kewayawa a hankali, kashi da laka suna kwantawa a gindi. Can ƙasa a sa kan famfo. Duk bayan kwana biyu a buɗe, a tari baƙin ruwan a bokiti, a kai gindin zogale ko gwanda. Taki ne mai ƙarfi, sai dai kada a watsa shi kan ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas.

Daga saman duron nan ruwa zai gangara ƙasan na biyu, ya riƙa hawa ta cikin duwatsu, tsakuwa, buhunan albasa a dunƙule, sai gawayi a sama, ya fita ya koma rami. Yashi kam ban ba da shawararsa ba, nan da nan kashin agwagwa ke toshe shi.

Wannan santsin da zai fito a jikin tsakuwar, a bar shi. Ƙananan halittu ne masu cinye sinadarin amoniya na kashin, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. In za a ɗauraye, da ruwan ramin za a yi, ba sabulu, ba ruwa mai kulorin.

Ruwan nan na agwagi ne kawai, mutum ba ya sha. A rufe durukan saboda sauro da ƙurar hunturu, ramin kuma, don Allah, a kewaye shi da waya in akwai ƙananan yara a gidan.